Taskar da ke cikin tsohuwar kwamfuta: Yadda ake kwaso bayanai zuwa wayar zamani a yankin Kazaure

Sama da shekara 20 ke nan da kwamfutar tafi-da-gidanka ta fara zama abin gani a hannun ɗalibai da ma'aikata a Kazaure da kewaye. Da yawa daga cikin na'urorin wancan lokaci yanzu suna jibge a ƙarƙashin gado, ko saman kabad, ko cikin siton ofis, ƙura ta lulluɓe su.

Masu su sun koma wayar hannu, amma abin da suka adana bai biyo su ba. Kundin kammala karatu, sakamakon jarrabawar ɗalibai, lissafin kuɗin ƙungiya, hotunan iyayen da suka rasu, da rubutun littafin da ba a kai ga bugawa ba, duk suna can ciki.

Kwaso irin waɗannan bayanai abu ne mai yiwuwa a mafi yawan lokuta, kuma ba ya cin kuɗi sosai. Abin da ke kawo cikas shi ne jinkiri, da kuma kuskuren da ake yi a ranar farko da aka kai na'urar wurin gyara.

Yadda kwamfuta ta samu gindin zama a yankin

Kazaure na cikin garuruwan Arewa da suka fara karatun kwamfuta da wuri. A 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ɗan garin ne, gwamnatin Jigawa ta buɗe cibiyar koyar da fasahar sadarwa tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo. Har yau da sunan Informatics jama'a suka fi sanin makarantar.

Kafin ita akwai kwalejin kimiyya da fasaha da aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar. Ita ce Gwamnatin Tarayya ta karɓa a 2007, ake kiranta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. A 2021 kuma aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, garin da ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar.

Waɗanda suka yi karatu a makarantun Kazaure sun watsu cikin sakatariyoyin ƙananan hukumomi, makarantu, asibitoci da shagunan buga takardu, har Roni da Gwiwa. Yawancin aikin da suka yi a shekarun farko a kan Windows 98 da Windows XP aka yi shi, aka adana a faifan fulofi, ko faifan CD, ko cikin kwamfutar kanta. Wasu na'urorin ma tun da aka sayo su 'yan gwanjo ne, sun riga sun ci shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso.

Irin waɗannan bayanai ba a tuna su sai ranar buƙata. Tsohon ɗalibi na neman ƙarin karatu an ce ya kawo kundinsa. An samu saɓani kan gudummawar da mambobin ƙungiya suka biya shekaru 15 da suka wuce. Iyali na neman hoton mahaifinsu guda ɗaya tak. A ranar ne ake ɗauko kwamfutar a kaɗe mata ƙura, alhali Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin da ya sa tsohuwa da sabuwa ba sa jin yaren juna

Wanda ya saba da Xender ko WhatsApp zai ɗauka tura fayil aikin daƙiƙa biyar ne. Da tsohuwar kwamfuta ba haka abin yake ba, saboda dalilai uku.

Na farko shi ne kafar da ake jona waya. Fasahar USB sai a 1996 ta fito, don haka kwamfutocin da suka girme ta ba su da wurin saka filas. Abin da suke da shi shi ne kafar firinta mai faɗi, da wata ƙarama mai allurai tara da ake kira siriyal, sai ramin faifan fulofi.

Na biyu shi ne manhajar da ke tafiyar da na'urar. Windows 98 ba ya gane filas sai an ɗora masa ƙaramar manhajar da ke gabatar da shi. Windows XP yana gane filas kai tsaye, amma manyan filas na yanzu, masu gigabait 64 zuwa sama, galibi suna zuwa da tsarin ajiya mai suna exFAT, wanda XP ba ya karantawa sai an yi masa ƙari. Haka kuma XP ba ya ganin cikin wayar Android da aka jona masa da kebul sai yana ɗauke da sabon zubin Windows Media Player.

Na uku shi ne intanet. Kamfanin Microsoft ya daina kula da tsaron Windows XP tun ranar 8 ga Afrilun 2014. Manhajojin shiga intanet na wancan zamani ba sa iya buɗe yawancin shafukan yau, domin hanyar kulle bayanai ta canza. Wasu tsofaffin kwamfutocin ko haɗuwa da intanet ɗin da waya ke rabawa ba sa iyawa. Ko da ta haɗu, kasada ce. A Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta kwamfutocin da ba a sabunta ba ta kulle bayanai a ƙasashe da dama, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya.

Idan kwamfutar tana tashi

Wannan ne mafi sauƙi, amma akwai abin lura kafin a danna maɓalli. Idan batirin ya kumbura ko yana tsiyaya, a cire shi a yi aiki da caja kawai. A duba rubutun da ke ƙarƙashin na'urar a tabbatar ƙarfin wutar cajar ya yi daidai da nata, musamman idan irin cajar nan ce mai kawuna da yawa. A guji kunna ta a lokacin da wuta ke rawa ko janareto ke shirin mutuwa. Ƙurar hunturu kan toshe fankar ciki, saboda haka a ɗora ta kan tebur inda iska ke shiga, kada a ɗora kan katifa.

Da zarar ta tashi, aikin farko shi ne kwafa. Ba lokacin kallon tsofaffin hotuna ba ne, domin tsohon rumbun ajiya na iya yin aikin minti 30 ya tsaya har abada. A fara da abin da ba shi da madadi: takardu da hotuna. Waƙoƙi da finafinai su zo daga baya.

A nemi ƙaramin filas, wanda bai wuce gigabait 32 ba, a kan tsarin FAT32. Shi ne yaren da XP da kwamfutar zamani da wayar Android duk suke ji. Iyakarsa ɗaya: ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, abin da ba safai ake samu a tsohuwar na'ura ba.

Daga filas zuwa waya kuma, ɗan ƙaramin mahaɗi ake buƙata, wanda masu sayar da kayan waya ke kira OTG. A jona filas ɗin a jikinsa, a soka a wurin cajin waya, fayilolin za su bayyana.

Sai dai kafin nan, ya kamata filas ɗin ya fara bi ta kwamfutar zamani mai manhajar tsaro. Duk wanda ya yi hulɗa da shagunan buga takardu a shekarun 2000 ya san bayros ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar gunkinsu kawai. Mutane da yawa sun goge filas a zaton komai ya tafi, alhali ɓoye su kawai aka yi, kuma ana iya fito da su.

Idan ta ƙi tashi

Nan ne aka fi yin asara. Mutuwar kwamfuta daban, mutuwar bayanai daban. Gilashi na iya fashewa, allon ciki na iya ƙonewa, Windows na iya lalacewa, amma rumbun ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, yana nan lafiya lau.

Mai gyaran da aka ce wa "ka tayar mini da ita" zai yi abin da ya fi sauri: ya yi mata fomatin, ya ɗora sabon Windows. Kwamfuta ta tashi, mai ita ya yi murna, sai ya isa gida ya tarar babu komai a ciki. Don haka tun a bakin shago a bayyana cewa bayanan ake so, kuma kada a goge komai.

Rumbun ajiyar tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka bai wuce tafin hannu ba, kuma sau da yawa ƙusa biyu ko huɗu ne ke riƙe da shi. Iri biyu ne. Na da, mai suna IDE, yana da allurai 44 a jere. Wanda ya gaje shi, SATA, da ya yawaita daga tsakiyar shekarun 2000, bakinsa shafaffe ne. Kowanne akwai mahaɗin da ke mayar da shi tamkar babban filas. Na SATA bai da wuyar samu. Na IDE ya fara ƙaranci, kuma mai nema daga Roni ko Gwiwa zai iya buƙatar aikawa Kano, titin Beirut ko kasuwar Farm Centre.

Irin wannan rumbun a jona shi da kwamfuta, kada a jona da waya. Wutar da waya ke bayarwa ba ta cika isar sa ya juya ba, kuma wayoyi da yawa ba sa karanta tsarin NTFS da XP ya fi amfani da shi.

Idan Windows ne kawai ya lalace, akwai wata dabara: a tayar da na'urar da manhajar Linux daga faifan CD ko filas, ba tare da an ɗora ta ba, a shiga rumbun a kwashe abin da ake so.

Amma idan aka ji rumbun yana ƙas-ƙas yana maimaitawa, a kashe nan take. A cikinsa akwai faifai masu juyawa sau dubbai a minti ɗaya, da wata allura da ke shawagi a samansu ba ta taɓa su. Idan ta fara gogar faifan, kowane kunnawa ƙarin ɓarna ne. Kada a buɗe shi, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta lalata shi. Wannan aikin ƙwararru ne masu kayan aiki na musamman.

Faifan fulofi da na'urorin da suka girmi USB

Faifan fulofi mai inci uku da rabi megabait 1.44 kawai yake ɗauka. Hoto ɗaya na wayar yau ya fi ƙarfinsa. Amma rubutu ba shi da nauyi, shi ya sa kundin digiri sukutum kan shige cikin faifai guda.

Kamfanin Sony, wanda ya ƙirƙiro wannan nau'in, ya daina yin sa a 2011. Duk da haka faifan ya yi tsawon rai a wuraren da ba a zata ba. Rundunar sojin saman Amurka sai a 2019 ta daina amfani da babban fulofi mai inci takwas a tsarin sarrafa makamanta na nukiliya. Gwamnatin Japan kuwa sai a 2024 ta kammala soke dokokin da ke tilasta miƙa takardu a cikin faifan.

Ana samun na'urar karanta fulofi mai kebul ɗin USB, kuma kwamfutocin yau suna gane ta. Kafin a saka faifai, a tura ɗan makullin da ke kusurwarsa ramin ya buɗe, domin hana rubuta komai a kai. A zame murfin ƙarfen a duba: idan akwai fumfuna daga laimar damina, kada a saka, domin zai ɓata na'urar ya kuma ɓata faifan da zai biyo baya. Idan Windows ya ce faifan na buƙatar fomatin, amsar ita ce a'a. A gwada wata na'urar.

Faifan CD da aka ɗora wa bayanai a shago shi ma yana lalacewa, musamman idan ya sha zafi da rana. Wanda ke da hotunan biki a kansa, gara ya kwafe tun yana buɗewa.

Ga kwamfutocin shekarun 1990 da ba su da USB, kuma ramin fulofinsu ya mutu, akwai hanyoyi biyu. Yawancinsu na da wani siririn rami a gefe mai suna PCMCIA, wanda ake saka masa mahaɗin katin ajiya irin na tsofaffin kyamarori, a kwafa a kai, a cire a karanta a wata na'urar.

Ɗaya hanyar ita ce kafar siriyal. Ana haɗa tsohuwa da sabuwa da kebul na musamman da aka harɗe wayoyin aikawa da na karɓa, sannan a saka mahaɗin USB a ɓangaren sabuwar. Manhajojin wannan aiki sun daɗe: XMODEM ta fito a 1977, Kermit kuma a 1981 daga Jami'ar Columbia da ke Amurka. Tafiyar hawainiya ce. A saurin 9,600, abin da ke cikin fulofi ɗaya kan ɗauki kusan minti 25. Amma yana isa.

An kwaso, sai "ƙasa" ta koma "}asa"

Ga mai rubutun Hausa, isowar fayil cikin waya rabin aiki ne. Yakan buɗe ya ga "}asa" a maimakon ƙasa, "]aya" a maimakon ɗaya, "~arawo" a maimakon ɓarawo. Wasu kan ɗauka bayros ne ya cinye rubutun.

Rubutun lafiyarsa ƙalau. A farkon zuwan kwamfuta, babu haruffan Hausa masu lanƙwasa a madannai. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da salon haruffa masu suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka daɗe suna amfani da su. Dabarar irin waɗannan salon ita ce aron maɓallan da ba a cika taɓawa ba, a zana ƙ da ɗ da ɓ a gurbinsu. Muddin salon na cikin kwamfutar, ƙ ake gani. Da an kai fayil ɗin inda babu shi, alamar asali sai ta fito fili.

Na'urorin yau suna aiki da tsarin Unicode, inda kowane harafi ke da lambarsa ta dindindin, har da na Hausa. Maganin shi ne a buɗe kwafin fayil ɗin a Microsoft Word, a yi amfani da wurin nema da musanyawa: duk } ta koma ƙ, { ta koma Ƙ, ] ta koma ɗ, [ ta koma Ɗ, ~ ta koma ɓ. Aikin 'yan mintoci ne ko da littafi ne. Sai a sake bin rubutun da ido, domin wuraren da marubucin ya yi amfani da baka ta gaskiya su ma za su canza.

Akwai kuma fayilolin da manhajarsu ta ɓace. Word ya sauya tsarin ajiyarsa a 2007, amma har yanzu yana buɗe yawancin na da. Waɗanda aka rubuta da WordPerfect ko Microsoft Works kuwa, manhajar LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe da yawa daga cikinsu.

Manyan hukumomi ma sun faɗa wannan rami. A 1986 BBC ta tattara rubuce-rubuce da hotuna daga makarantun Birtaniya ta adana a wasu manyan faifai na zamani. Cikin shekara 15 aka wayi gari da ƙyar ake samun na'urar da za ta karanta su, sai da masana suka yi aikin ceto a 2002.

Amana a shagon gyara

Tsohuwar kwamfuta na ɗauke da sirrin mai ita: hotunan iyali, wasiƙu, takardun banki, wani lokaci har bayanan ɗalibai ko marasa lafiya. Hoto ɗaya da ya fita daga shago zuwa wayoyin jama'a na iya raba aure ko zubar da mutuncin gida.

Mafi alheri shi ne mai kayan ya tsaya a yi aikin a gabansa, ya kawo filas nasa, ya kuma tabbatar an goge duk abin da aka sauke a kwamfutar shagon. Idan bayanan ofis ne, da sanin shugabanni ya kamata a fita da su. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

Haka nan wanda zai sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar na'ura ya fara cire rumbun. Goge fayil ba ya shafe shi gaba ɗaya, kuma wanda ya san hannunsa na iya dawo da shi.

Inda za a ajiye bayan ceto

Waya ba ma'ajiya ba ce. Ana sace ta, tana faɗawa ruwa, tana mutuwa ba sallama. WhatsApp kuma yana rage ingancin hoto, sai dai in an tura shi a matsayin takarda.

Ƙa'idar da masana adana bayanai suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Misali, ɗaya a waya, ɗaya a filas da aka ajiye a gidan ɗan'uwa, ɗaya a intanet. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi takardun tsohuwar kwamfuta har da rara. Sai dai tun Disamban 2023 kamfanin ya fara aiki da tsarin rufe asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, don haka a riƙa leƙawa.

Takardu masu muhimmanci a mayar da su PDF, a kuma bar na asali yadda suke. Wadda ta shafi gado, fili ko shaidar karatu, a buga ta a takarda.

Aikin bai tsaya kan na'urorin shekarun 2000 ba. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, manhajar da ke kan ɗimbin kwamfutocin da ɗalibai a Kazaure da Babura ke rubuta kundinsu da su a yau. Nan da shekara 15, su ne za a ɗauko daga ƙarƙashin gado ana neman cajarsu.